Kazar Mace Da Takardar Diyya: Tarihin Murar Tsuntsaye A Ƙasarmu

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, har da maigidan da ya tsaya bakin ƙofa yana satar sauraro, barkanmu da war haka. Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wata cuta ta kaji da ake kira murar tsuntsaye, da dokokin da hukuma ta kafa saboda ita, da yadda dokokin suka faɗo kan macen da ke kiwon kaji goma ko ashirin a bayan ɗaki.

Shekarar 2006 ba mai ɓace wa mutanen Sakkwato ba ce. A watan Maris aka yi ƙidayar jama'a, ƙarshen watan aka yi husufin rana da hantsi, a watan Oktoba kuma Allah ya karɓi ran Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a hatsarin jirgin sama a Abuja, Allah ya jiƙansa. To kafin duk waɗannan, ranar 8 ga Fabrairu, aka ba da sanarwar cewa murar tsuntsaye mai kisa, wadda masana ke kira H5N1, ta shigo Nijeriya. Mu ne ƙasa ta farko a duk Afirka da aka tabbatar da ita.

Sai mun fara fahimtar mece ce kaza a hannun mace kafin mu gane nauyin wannan sanarwa. Ki shiga kowane gida a Wurno, ko Rabah, ko ƙauyukan da ke bakin gulbi a Goronyo. Shanu na maigida ne, gonar albasa da tafarnuwa tasa ce, rumbu shi ke da makullinsa. Amma kaji da zabi da agwagi da tantabaru, waɗannan na mata ne da yara. Kaza ita ce asusun da ba a zuwa birni a cire. Yaro ya kwana da zazzaɓi, a kama zakara a aika kasuwa. Zubin adashi ya zo babu kuɗi a hannu, a sayar da ƙwan zabi. Baƙo ya sauka, a yanka. Mace mai haƙuri takan fara da kaza ɗaya da aka ba ta ranar suna, ta tara, ta sayar ta sayi akuya, daga akuya a kai ga kayan ɗakin ɗiya. A lokacin da cutar ta zo, an ƙiyasta cewa Nijeriya na da kaji da danginsu kimanin miliyan 140, kuma kashi 60 cikin 100 irin waɗannan ne na tsakar gida, masu kwana a akurki su wuni suna tono.

Kuma mutuwar kaji ba baƙuwa ba ce gare mu. Kowane hunturu akwai annobar da ke bi gida-gida, kaza ta yi zugum, ta yi zawo kore, wuyanta ya murɗe. Likitocin dabbobi na kiranta Niyukasal. Kakanninmu sun daɗe da samo dabarar zama da ita: da kin ga kaza ta fara sanyi, ki sa a yanka kafin ta zama mushe, sauran masu sauran kuzari kuma a yi maza a kai su kasuwa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, in ji masu iya magana. Wannan dabara ta talaka ce, kuma tana da hankali a cikinta, tun da Niyukasal ba ta kashe mutum. Ku riƙe ta a zuciya, domin ita ce sabuwar cuta ta zo ta hau.

Asalin wannan sabuwar daga nesa take. A 1996 aka fara ganinta jikin dinyar gida a lardin Guwandon na ƙasar Sin. A 1997 ta kama mutum 18 a Hon Kon, 6 suka rasu, hukuma ta sa aka kashe kajin garin kaf, sama da miliyan ɗaya, cikin 'yan kwanaki. Ta lafa, ta sake tashi a 2003 ta bazu a ƙasashen Asiya. A 2005 ta kashe dubban tsuntsayen daji a wani babban tafki na ƙasar Sin, daga nan ta yi yamma, ta bi Rasha da Turkiyya. Farkon 2006 ga ta a Jaji.

Jaji dai tana kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, cikin ƙaramar hukumar Igabi. A can akwai gonar Sambawa, ta Ministan Wasanni na lokacin, Sa'idu Sama'ila Sambawa. Gona ce babba, mai tsuntsaye kimanin 46,000, kaji da dinya har da jiminu. Wajen 10 ga Janairu kaji suka fara zubewa. Aka zaci irin cututtukan da aka saba ne, aka yi ta ba da magani, mutuwa ba ta tsaya ba. Sai da aka kai samfur Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, daga can aka aika birnin Fadowa na Italiya, sannan amsa ta dawo. Kafin ta dawo wajen 40,000 sun mutu. Jiminun da suka rage, 'yan sanda aka kira suka harbe su da bindiga.

Ku lissafa da ni: daga 10 ga Janairu zuwa 8 ga Fabrairu wata guda ne cur. Wannan fa gonar minista ce, mai likitoci, mai mota, mai waya. A cikin watan nan motocin abincin kaji sun shiga sun fita, masu sarin ƙwai sun zo da kiret sun tafi da shi, ma'aikata sun koma gidajensu da takalman da suka taka kashin kaji. Ana sanarwa a Kaduna, sai ga labari daga Kano da Filato cewa gonaki can ma sun daɗe suna zubar da kaji. Kafin Fabrairu ya ƙare an tabbatar da cutar a Masar, an kuma same ta jikin agwagi a Magarya, cikin Jihar Damagaram ta Nijar, dab da iyakarmu.

Gwamnatin Obasanjo, wanda shi kansa babban mai gonar kaji ne a Ota, ta ɗauki hanyar da ƙasashen duniya suka saba ɗauka. Gonar da cutar ta shiga a killace ta, a kashe duk abin da ya rage mai fiffike a cikinta da gidajen da ke kewaye, a ƙone ko a binne, a yi feshi. A hana ɗaukar kaji daga jihar da ta kamu zuwa wata. Ba a yarda da allurar rigakafin wannan cuta ba, saboda tsoron kada kaza mai allura ta ɗauki cutar ta ɓoye ta. Sannan aka ce za a biya diyya, Ministan Gona Adamu Bello ya faɗi farashi: kaza ko zabo naira 250, agwagwa naira 1,000, talotalo naira 2,500, jimina naira 20,000.

A nan nake so mu ɗan zauna, domin duk tarihin yana rataye ne a wuyan wannan naira 250.

Na farko, kuɗin bai kai rabin abin da kaza mai ƙwai ta gidan gona ke yi a kasuwa ba. Na biyu, kuma wannan ya fi ciwo, ana biyan kazar da ma'aikata suka kashe da hannunsu ne kawai. Wadda cuta ta riga ta kashe kafin su iso, ba ta shiga lissafi. To wannan cuta ba ta jira. Kaza ta kwana lafiya, da safe ki same ta a sandare, wata kanta ya kumbura, zankonta ya yi baƙi-baƙi, ƙafafunta kamar jini ya kwanta. Cikin kwana biyu zuwa uku akurki ya zama fayau. Ke kuma labarinki sai ya bi ta hannun maigida, ya kai wa mai unguwa, a nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, shi kuma ya nemi man babur, ya kai rahoto birni, a zo a ɗauki samfur, a aika Vom, a jira. Ranar da mota za ta tsaya ƙofar gidanku, me ya rage da za a ƙirga?

Yanzu ki sa kanki a matsayin mai kaji ashirin, biyar sun mutu jiya. In kin yi shiru kin aika sha biyar kasuwa yau, za ki sami wani abu a hannu kafin la'asar. In kin kai rahoto, wataƙila ki sami kuɗin uku ko huɗu bayan watanni, a kuma kashe na maƙwabta saboda ke, ki zama wadda ta jawo wa unguwa masu fararen kaya da abin rufe hanci. Wace mace ce za ta zaɓi na biyun? Ni ban ga laifin wadda ta sayar ba. Tsarin ne aka ɗinka shi daidai jikin mai babbar gona, wanda ke da rajista da littafin lissafi da lambar wayar darakta, aka ce mai akurki ma ta sa. Kuma ko a manyan gonakin, da yawa sun yi abin da talaka ya yi: da sun ga alama, sai su kira 'yan sari su karyar da farashi. Kaji masu ɗauke da cuta suka bi kasuwanni a arha, mai ƙaramin ƙarfi ya ga banza ta faɗi, ya saya ya kai gida. Jaridun lokacin sun ruwaito wuraren da mutane suka kwashe kajin da aka kashe za a binne, suka tafi da su don miya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. In ma'aikata sun zo gida irin namu, a zaure suke tsayawa. Maza ne, matan gida na ciki. Sunan da ke hawa takarda na maigida ne, hannun da ke karɓar kuɗi nasa ne. Maigida mai tsoron Allah zai shiga ya ba kowace haƙƙinta, wannan ta Inna ce, wannan ta amarya, waɗannan biyun na yara. Wani kuwa, kun dai san sauran. Kaza ta mace, diyya ta namiji.

Sai batun yarda. Ku tuna, shekara biyu zuwa uku kafin nan, a 2003 da 2004, aka yi rikicin allurar shan inna, har Jihar Kano ta dakatar da ita kusan shekara. Zukata ba su gama hucewa ba, sai ga wasu ma'aikatan sun zo suna cewa a kawo kaji a kashe, har da masu lafiya. Da wuya a ce mutane su miƙa da hannu biyu.

Mu a gabashin Sakkwato, tsoro ya riga cutar isowa. Rediyo ya kai labarin kowane lungu, namu da na ƙasashen waje masu sashen Hausa. Mutanen birni suka ƙaurace wa kaza da ƙwai, masu gasa kaji da masu shayi suka ga ciniki ya tsaya. In birni ya daina ci, ƙauye ke jin jiki, domin zakaran da ake gasawa a Sakkwato daga kasuwar Acida ya fito ranar Laraba, ko ta Goronyo ranar Lahadi, a cikin kwandon dillali bisa babur. Nijar ta hana shigar da kaji daga Nijeriya, ga mu kuma kusa da iyaka, cinikinmu da nasu a haɗe yake tun kaka da kakanni. Macen da ko kaza ɗaya ba ta mutu mata ba, ta wayi gari dukiyarta ta rage daraja. Irin wannan asara babu takardar da ke biyanta.

Cutar kanta an tabbatar da ita a Jihar Sakkwato a watan Janairun 2007, a wata babbar gonar kaji, aka kashe dubbai. A cikin watan ne kuma wata budurwa 'yar shekara 22 ta rasu a Legas, gwaji ya nuna murar tsuntsaye ce, hukuma ta ce ta fige ta kuma gyara kaza mai cutar. Wannan wuri ya shafe mu kai tsaye. Cutar ba ta saurin kama mutum, amma in ta kama ba ta wasa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum sama da 860 da suka kamu daga 2003 zuwa 2020, fiye da rabinsu sun rasu. A Masar, inda mata ke kiwon kaji da agwagi a gida har bisa soro, mata da ƙananan yara ne suka fi yawa cikin waɗanda suka kamu. Naman da ya dahu sosai ba ya ɗauke da haɗari, wuta na kashe ƙwayar cutar. Haɗarin yana wajen yanka da figa da fitar da kayan ciki, da sharar akurki. Wa ke figa? Wa ke shara? Mu ne, da 'ya'yanmu mata.

An daɗe ana gardama a kan yadda cutar ta shigo ƙasar. Wasu suka ce tsuntsayen ruwa ne masu gudun sanyin Turai da Asiya, waɗanda ke sauka kowace shekara a dausayin Haɗeja da Nguru da tafkin Cadi. Wasu suka ce 'yan tsaki ne da ƙwan ƙyanƙyasa da ake shigowa da su ta bayan fage, tun da gwamnati ta riga ta hana shigo da kaji daga waje. Masanan da suka duba ƙwayar cutar a 2006 sun gano cewa ba sau ɗaya ta shigo ba, iri daban-daban ne suka shigo ta hanyoyi daban-daban. Amma kowace ƙofa ta bi ta shigo, yawonta a cikin ƙasa a kan taya ta yi shi, cikin kwando da kiret da buhu.

Mu kuma ƙofofin biyu duk muna da su. Ga madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima, wadda aka gama ginawa a 1984, ga fadamar Wurno da shinkafarta, ga gulbin da ya bi ta Rabah. Duk inda ruwa ya kwanta da rani, tsuntsun daji zai sauka, agwagwar gida kuma za ta je ta yi wanka a wurin ta dawo ta sha a kaskon kaji. Agwagwa kuwa munafukar wannan cuta ce, tana iya ɗaukarta tana yawonta garau, kaji na mutuwa kewaye da ita. Sannan ga taki. Mai albasa da mai tafarnuwa sun san daɗin kashin kaji, buhu-buhu ake sayensa daga gidajen gona, ƙwayar cutar kuma takan daɗe da rai a cikin ɗanyen kashi, musamman lokacin sanyi. Shi ya sa kusan duk tashin da ta yi a ƙasar nan da hunturu take farawa, daidai lokacin da Niyukasal ke nata aikin, ga shi kuma da ido ba a rabe su. Mace ta ga kaji na mutuwa ta ce ai ciwon kowace shekara ne.

Abin da ya juya al'amarin shi ne kuɗi. A 2006 Bankin Duniya ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 50 don yaƙi da cutar. Da shi aka ɗauki ma'aikata, aka sa jami'i mai lura da ita a jihohi da ƙananan hukumomi, aka gyara wasu kasuwannin kaji, aka kuma sake farashin diyya a 2007 ya matso kusa da na kasuwa, biya ya ƙara sauri. Da mutane suka ga ana biya da gaske, rahoto ya fara zuwa da wuri. Tashi na ƙarshe a wannan zango an gan shi a watan Yulin 2008, a Kano da Katsina, aka kuma tsinci cutar a kasuwannin Gwambe da Birnin Kabi. Jimilla ta taɓa jihohi 25, tsuntsaye kimanin miliyan 1.3 suka salwanta, aka biya diyyar naira miliyan 631 ga mutum 3,037.

Ku sake sauraron lambar nan ta ƙarshe. Mutum dubu uku da 'yan kai, a ƙasar da kusan kowane gidan ƙauye ke da akurki. Matan ƙaramar hukumar Wurno kaɗai masu kaji sun ninka wannan sau da yawa.

A 2013 Nijeriya ta ce ta rabu da cutar. Shiri ya ƙare, kuɗin rance ya ƙare, motocin suka tsufa. Ƙarshen 2014 zuwa Janairun 2015 ta dawo, a Kano da Legas, kuma wannan karon ta fi ɓarna, domin cikin shekara uku ta ci tsuntsaye sama da miliyan 3. Ministan Gona na lokacin, Akinwumi Adesina, ya sanar da diyyar naira 1,450 kan kowace kaza, aka biya rukunin farko, sauran masu gonaki a Kano da Filato suka shekara suna kukan ba a biya su ba. Da labarin rashin biya ya bazu, aka koma gidan jiya, mai kaji ya ga alama ya kira ɗan sari. Ta sake tashi a 2021. Ko a Janairun 2025 hukumomin Kano sun tabbatar da ita a wani gida cikin ƙaramar hukumar Gwale, kuma yadda ta shiga gidan kamar an kwafo daga 2006: an sayo agwagwa ɗaya a kasuwar Janguza, aka sake ta cikin kaji da zabi, suka fara zubewa.

Yau gabashin Sakkwato na da wani nauyin da babu shi a 2006. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Rabah da Goronyo da Wurno, ba mu manta harin kasuwar Goronyo na Oktoban 2021 ba, inda aka kashe mutum fiye da 40, Allah ya jiƙansu. Inda aka kore shanu da tumaki, sau da yawa kaza ce dabbar da ta rage wa mace, ita ce ake iya sa wa a kwando a gudu da ita. Malamin dabbobi kuma ba kowace hanya yake iya bi ba. Wato darajar kaza ta ƙaru a daidai lokacin da mai duba ta ya yi nisa.

Saboda haka abin da ke hannunmu shi za mu riƙe. Kazar da aka sayo ko aka ba ki kyauta, ko wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka dawo da ita, ki ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Agwagi su kwana daban, su sha daban. Wadda ta mutu da kanta a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa bayan katanga kare ya ja, kada yara su ɗauka su yi wasan girki. In mutuwa ta zo da yawa lokaci guda, kada ki fige, kada ki sa yarinya ta fige, a wanke hannu da sabulu, a kai magana ga malamin dabbobi ko asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Niyukasal kuwa tana da rigakafi mai arha da ake yi a Vom, ana ɗiga wa kaza a ido, a nemi a yi kafin sanyi ya shigo. Amfaninsa biyu ne: kajinki sun tsira daga ciwon kowace shekara, sannan in kin yi rigakafin kika ga suna zubewa duk da haka, kin san wannan wata aba ce daban.

Ga hukuma kuma, in ranar ta sake zuwa, muna roƙon a sa mata cikin ma'aikatan da ke shiga gidaje, masu iya wuce zaure su ƙirga kaji a gaban mai su. A rubuta sunanta a takarda, a ƙirga har da waɗanda suka mutu bayan ta kai rahoto, a biya ta kafin wata ya zagayo.